Sukari a Aljihun Mai Ciwon Suga

Laluba aljihun manomin da ke yin allurar insulin a ƙasar Funtua ko Malumfashi, da wuya ka rasa ƙwayar sukari uku ko huɗu ƙulle a leda, ko dabino biyu da suka sha gumi har suka manne da juna. Mutumin da duk unguwa ta san an hana shi zaƙi, shi ne ke yawo da sukari. Wanda bai sani ba sai ya ce Malam a ɓoye yake sha, alhali likita ne da bakinsa ya ce kada ya kuskura ya fita babu shi.

Dalilin yana cikin allurar kanta. Wadda aka fi samu a kemis ita ce gaurayayyar nan mai fari-fari kamar tsinkakken nono, da ake yi sau biyu a rana, kimanin rabin awa kafin karin kumallo da kuma kafin tuwon dare. A murza kwalbar tsakanin tafin hannu, ba a girgiza ta, a zuƙa, a tsira a fatar ciki ko cinya, gobe a sake wuri don kada ya yi gudaji. To da ta shiga jiki aikinta kawai take yi, ba ruwanta da ko an sauke tukunya. Ita kuwa gona da nata lokacin. Mai huɗar masara a Bakori ko Ƙafur ya fita da sanyin safiya da ɗan koko a cikinsa, ya duƙa har rana ta take, abincin gona kuma sai yaran sun ga damar isowa, sun tsaya jifar ƙadangare a hanya. Aikin ƙarfi na cinye suga, allura na ja ƙasa. Can sai gumi mai sanyi, hannu na rawa, ido na ganin dishi-dishi, mutum ya fara magana ba kan gado. A nan ne 'yan ƙwadago kan ce iska ce ta buge shi, a kewaye shi ana tofi. Ba a hana addu'a, amma a fara zura hannu a aljihunsa. In yana iya haɗiya, sukarin nan ko rabin kwalbar lemo kan dawo da shi cikin kwata na awa, sannan a bi da abinci. In ya riga ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, sai asibiti.

Sai wurin ajiyar insulin. Takardar da ke cikin kwalin ta ce firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya rubuta ta bai san wutarmu ba, bai kuma san zafin watan Afrilu ba. Abin da matan gida suka ƙirƙiro shi ne gindin randa: a sa kwalbar a ɗan gwangwani mai murfi, a binne rabi cikin jiƙaƙƙen yashin da randa ke zaune a kai, a rufa da tsumma mai laima. Hikimar ɗaya ce da ta tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana tumatir da ganye, har ya ci kyautar Rolex a 2000. A 2021 ma Jami'ar Geneva da ƙungiyar likitoci ta MSF sun wallafa binciken da suka yi kan yanayin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, suka ga insulin ta riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 zuwa 37. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai kai kwalbarsa ajiya wurin mai sayar da ƙanƙara. Insulin in ta daskare ta tashi aiki, ko da ta narke ta koma kamar ba abin da ya same ta.

Batun tuwo kuwa, ban san wanda ya fara cewa alkama ce abincin mai suga ba, amma maganar ta zauna daram. A yankin da masara da dawa ke cika kasuwar Dandume, sai ka ga magidanci ya bar rumbunsa ya je sayen garin alkama da tsada, a tuƙa masa malmala uku, ya tashi da su yana ganin magani ya sha. Alkama ma tana komawa suga a jini. Girman malmalar ne abin dubawa, da yawan kuɓewa ko zogale ko wake da ke gefenta. Haka masu cewa zuma da mazarƙwailar Danja ba su da laifi tunda na gargajiya ne. Na'urar gwaji ba ta san gargajiya ba.

Kwaɗayi dai ba ya mutuwa don an yi gwajin jini. Akwai gyaɗa, akwai aya, akwai zoɓon da aka bar wa citta da kanumfari su yi aikin, akwai kindirmo da 'yar fura kaɗan. Sai dai a tambaya, domin yanzu har ƙuli-ƙuli da kwaɗon zogale wasu na barbaɗa musu sukari. Mai shayin bakin tasha ya fi kowa sanin masu ciwon a unguwa, tun daga nesa zai ce, "Alhaji, ba suga ko?" Gidan biki ne wurin wahala, musamman ga mata. An turo alkaki da nakiya da lemo, uwar biki na tsaye a kai: "Haba Yaya, ɗan wannan ai ba ya komai." Ƙin karɓa ya zama wulaƙanci, faɗin dalili ya zama tallar ciwo. Na ga masu wayo kan karɓa da hannu biyu, su sa albarka, su ƙulle a gefen mayafi su kai wa jikoki.

Kuɗi ne ba a iya yi wa wannan dabarar. Daga waje ake shigo da insulin, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuwa farashinta ya bi dala, haka ma tsinken gwaji, har wasu ba sa gwadawa sai sun ji jiki. Kwalba mai awo 1,000, ga mai yin 40 a rana, kwana 25 ce. Manomi da tiya yake lissafinta: tiya nawa ta masara za a fitar kafin wata ya mutu. Da kaka masara kan faɗo, kwalbar tana nan yadda take, sai tiyoyin su ƙaru.