An kama Baba saboda bashin ɗansa

Shekaran jiya da daddare maƙwabcina ya buga min ƙofa hankalinsa a tashe. Wai 'yan sanda sun zo neman ƙaninsa da ake bi bashin kuɗin kaya a kasuwa, da ba su same shi ba sai suka tafi da mahaifinsu, dattijo mai hawan jini, wai sai yaron ya kawo kansa. Muka garzaya caji ofis. Ga rubutu nan ɓaro-ɓaro a bango cewa beli kyauta ne, amma sai da aka yi ta ciniki ƙasa-ƙasa kafin a saki Baba washegari.

Abin da ya fi ci min rai, Baba ya fito yana ta zuba musu godiya. Bawan Allah bai ma san haƙƙinsa aka danne ba.

Jama'a, ɗan sanda yana da ikon kama wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zarginsa da aikata laifi, ko da babu takardar kotu. Amma ikon nan yana da iyaka. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, a sashe na 36. Sashe na 32 kuma ya hana kama mutum don kawai bashi ko saɓa yarjejeniya. In babu zamba a ciki, maganar kotu ce. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, kuma wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba ya cancanci diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, wa yake kai musu irin wannan ƙara? Mu ne. Ni kaina na taɓa biyan kuɗin mai aka ɗauko min wani tela da ya riƙe min ɗinkin Sallah. Ranar har bugun ƙirji nake, na nuna masa ni wane ne. Wallahi da na ga Baba zaune a bayan kanta ba hula, telan nan ne ya faɗo min a rai.

In irin haka ta same ku, kada ku yi hayaniya. Ku riƙe sunan jami'in da lokacin da aka yi kamun, ku nemi ganin DPO, ku kira lauya. In ba a saurare ku ba, akwai sashen karɓar ƙorafi na rundunar, da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Na ce wa maƙwabcina mu rubuta takardar koke, ya ce a bar wa Allah, tsoro yake kada su dawo. Ban ga laifinsa ba, amma zan sake tuntuɓarsa. Ni kuma gobe in sha Allahu zan je in nemi yafiyar telan nan.

Allah ya kyauta.