Gida biyu maganin gobara

Bafaranshe yana kiran gida da fili da sunan dukiyar da ba ta motsi. Bahaushe bai dubi gida ta wannan fuska ba. A wurinsa gida mutane ne kafin ya zama bango, shi ya sa idan ya tambaye ka ina gida, ba lafiyar katanga yake nufi ba. Shekaru da dama ina koyar da waɗannan harsuna biyu a makarantar sakandare, amma ban ga nisan da ke tsakanin ma'anonin nan ƙarara ba sai da na sayi gidan da ba ni zan zauna ciki ba, a wata tsohuwar unguwa ta Maraɗi, a shekarar 2022.

Dalilin sayen ba boyayye ba ne ga duk mai cin albashi. Ina yaro aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu 1994, abin da iyayenmu suka tara ya wayi gari rabinsa ya tafi, ba tare da ɓarawo ya shiga ɗakin kowa ba. Tun daga nan na san kuɗin ajiya baƙo ne. Malamin makaranta kuma yana da ranar da alli zai bar hannunsa, fansho kuwa ba ya ɗaukar nauyin gida mai ƴaƴa. Maraɗi tana cika tana batsewa: ga ƴan kasuwa, ga ma'aikatan da ake canza wa wurin aiki, ga ɗaliban da suka ƙaru tun da aka kafa jami'a a garin a 2010. Kowanensu yana neman ɗakin kwana.

Gidan da dillali ya nuna mini na ƙasa ne, ɗaki huɗu da zaure, an yi shekaru ba kowa ciki. Gidan gado ne, kuma a nan ne aikin ya fi tsawo. Magada bakwai ne, biyu suna Kano, ɗaya tana aure a Damagaram. Babban wansu ya ce kalmarsa ta isa. Na ce masa: “Alhaji, kalmarka ta ishe ni, amma ba za ta ishi jikokinmu ba.” Wata biyar muka yi kafin kowa ya sa hannu, mata da maza, a gaban shaidu da mai unguwa. Daga nan na bi takardar mallakar filin har ofishin magajin gari, na tabbatar sunan da ke cikinta shi ne na marigayin, kuma ba a jinginar da gidan ga kowa ba. Wanda ya sayi gidan gado da yardar mutum ɗaya, shari'a ya saya, bangon kyauta aka ba shi.

An tsaya a kan miliyan 7, gyara kuma na ƙiyasta masa miliyan 2. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: miliyan 3 da rabi sun fito daga adashen da muke yi da abokan aiki da ɗan abin da na daɗe ina tarawa, miliyan 2 da rabi daga shanun da na sayar da kuɗin ɗinkin uwargida, wadda na rubuta rabonta a takarda don kada wata rana a ce taimako ta yi. Sauran miliyan 3 bashin banki ne, wanda ake cirewa daga albashi har shekara 4. Na daɗe ina juya maganar kuɗin ruwa a zuciyata, na tambayi malamai, na kuma nemi hanyar da banki zai sayi kayan gini ya sayar mini da ribar da aka sani tun farko. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowane hanji ke barin mai shi ya yi barci ba.

Lissafin da na yi mai sauƙi ne, kowane ɗan aji shida zai iya shi. Ɗaki huɗu, kowane jaka 15 a wata, jaka 60 ke nan. Ban lissafta wata 12 ba, na lissafta 10, domin ɗaki yakan zauna wofi, indararo yakan karye, haraji kuma ba ya mantuwa. Jaka 600 a shekara, a kan miliyan 9: shekara 15 kafin gida ya maido abin da ya ci. Duk wanda ya ce maka haya hanyar arziki ce ta gaggawa, bai taɓa kwashe shadda da kuɗin aljihunsa ba.

Sai maganar gyara. Duk wanda na yi shawara da shi cewa yake in rushe in zuba bulo. Wani tsohon magini ne kaɗai ya zagaya gidan, yana ƙwanƙwasa bango da ƙofar hannu kamar mai sayen tulu. Ya ce: “Malam, bangon nan bai gaji ba. Ƙafarsa da hularsa ne suka lalace.” Ya nuna mini yadda ruwa ke cin gindin katanga, da inda rufi ke yoyo. Ya hana a shafe bangon da siminti, domin siminti ba ya kama ƙasa. Yana tsare danshi a ciki, har ranar da zai ɓantare ya zubo da rabin bango. Muka ɗaure gindin da dutse da siminti, muka canza azarar da ta ruɓe da sabuwa ta giginya, wadda gara ba ta cika yi wa ɓarna ba, muka tsawaita indararo don ruwa ya faɗi nesa da tushe, aka yi yaɓe da makuba irin ta ɓawon ɗorawa. Aka gina sabon makewayi, aka ja famfo da lantarki.

Aikin ya zo daidai da rufe iyaka da Najeriya bayan watan Yuli 2023. Kayan da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa suka yi wuya, ƙusa da waya da fenti suka yi tsada. Da na zaɓi bulo, da aikin ya tsaya. Ƙasa kuwa ba ta bi ta kwastan ba. Damanar 2024 ta zo da ruwan da ya rusa gidaje masu yawa a ƙasar nan, har tsohon masallacin Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya faɗi a watan Satumba. Na yi kwanaki ina zuwa duba gidan bayan kowane ruwa. Ya tsaya. Ba zan ce ƙasa ta fi siminti a ko'ina ba. Mutanen Maraɗi sun san ambaliyar 1945 ce ta tashe su daga bakin gulbi zuwa tudu, kuma ginin da ke kan hanyar ruwa ba abin da zai cece shi. Abin da na gani shi ne ginin ƙasa yana rayuwa da kulawa, yana mutuwa da sakaci. Da rani kuma, sa'ad da ɗakin kwano ke zama tanda, ƴan hayana suna barci a ciki.

Abin da ya fi bashi da gyara nauyi shi ne zama mai gida. Na yi shekara 14 ina haya, daga wannan gari zuwa wancan. Na san yadda zuciya ke faɗuwa idan aka yi sallama a ƙofa ran ƙarshen wata alhali albashi bai fito ba. Yanzu ni ne mai sallamar. Ɗaya daga cikin ƴan hayana, malamin kwantaragi ne, ya yi wata uku bai biya ba, banki kuwa bai daina cire nasa ba. Idan na kore shi, na kori kaina na shekarun baya. Idan na yi shiru, ƴaƴana ke biyan hayarsa. Na kira shi muka zauna a zaure, muka raba bashin kashi shida, muka rubuta. Ya biya, ko da yake ba a kan lokaci ba.

Daga nan na rubuta yarjejeniyar haya shafi guda, Hausa a dama, Faransanci a hagu: nawa ne, yaushe ne, wa ke gyaran me, wata nawa za a ba mutum kafin a ce ya tashi. Wasu sun ce takarda tsakanin mutanen da ke gaisawa rashin yarda ce. Ni kuwa na ga ita ce ke tsare gaisuwar. Ƙungiyoyinmu na raya harshe suna fassara tatsuniyoyi da wasanni, kuma hakan daidai ne. Amma tsohuwar da ke dangwala yatsa a kan takardar da ba ta iya karantawa ita ma tana jiran mu. Harshen da aka yi cinikin gida da shi ya cancanci a rubuta cinikin da shi.