Kalmar da "b" ɗinta ba ya magana



Muna aji biyar na sakandare na fara cin karo da kalmar subtly. Na karanta ta da "b" ɗinta ƙarara, aji ya tuntsire da dariya. Malam ya ce "satli" ake cewa, harafin yana nan amma ba a jinsa. Ya ƙara da cewa asalinta daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin saƙa mai siririn zare. Turawa suna amfani da ita idan an yi abu a hankali, yadda sai mai lura zai gane, ko idan abu biyu sun bambanta da ɗan ƙanƙanin bambanci. Na haddace, amma ban fahimta ba.

A kasuwar Obi na fahimce ta. Wani manomi da ya daɗe yana hulɗa da Baba ya kawo buhunan riɗi. Ina zura hannu na ji yashi. Jinina ya tafasa, na buɗe baki zan tara masa jama'a. Baba ya taka min ƙafa. Ya ɗebi riɗin a tafi, ya bar shi yana zuba, ya ce, "Aboki, bana iska ta dame ku wajen sheƙa ko?" Mutumin ya sunkuyar da kai, ya kwashe kayansa. Washegari ya dawo da su tas, har da doya biyu.

Da dare Baba ya ce da ni: "Mu nan kasuwanci ya zaunar da mu cikin Alago da Eggon da Tibi da Migili. Ka ga abin da ya faru a garin nan a 2013. Ihu ɗaya a kasuwa, kafin la'asar ya zama maganar ƙabila."

Ashe mu ma muna da ita. Ita ce hannunka mai sanda, ita ce magana a fakaice, ita ce lalama. Sai dai a kula, Turawa suna faɗinta ga mai cuta ma. Wanda ya zuba yashin shi ma subtly ya zuba.

Yanzu ni ke zama a rumfar. Har yau zuciya tana ɗibana wani lokacin, sai in tuna da ƙafar Baba.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.