'Yan Daudu A Birnin Tarayya

Da gwamnati ta tare a Abuja cikin 1991, ba ma'aikata kaɗai suka wuce Dutsen Zuma ba. 'Yan daudu ma sun biyo sawu da tukwanensu, suna tuƙa tuwo da suyar kaji a bakin tashoshin mota. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano cikin 2000 wasu suka ƙaru, domin nan babu Hisba. Amma kuma a birnin nan aka sa hannu kan dokar 2014, mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Duk da haka da yawansu suna salla, suna azumi, suna tarin kuɗin kujerar Makka. In an tsangwame su, amsarsu guda ce: Allah ne ya halicce su.