Turmin dutse mai ƙafa uku

Har yau in na tuna saurayin nan da ya sauka a garin Texcoco da akwatin ƙarfe da rigar sanyi ta aro, sai in rasa inda ya samo ƙarfin halin. Bai taɓa hura wuta ba. A gidansu madafa wurin mata ce, abin da ya sani kawai a ajiye masa akushi ya ɗaga faifai ya yi bismilla. An tura shi ƙasar Meziko koyon aikin irin masara a cibiyar CIMMYT da ke El Batán, ɗan nesa da gari, ya kama ɗaki a gidan wata tsohuwa da 'ya'yanta suka watse neman abinci, ga tsaunuka ta gabas, ga iska siririya mai sa haki saboda tudun ƙasar ya haura mita 2,000, ga harshen da bai iya komai a cikinsa ba sai gaisuwa. Ni ne yaron nan. Abin mamaki.

A makon farko burodi da shayi suka riƙe ni, don na lura kitsen alade yana shiga waken mutanen nan da ma wasu abincinsu na masara. Tsohuwar ta ga ina ramewa. Da hannu da ka da ɗan ƙamus na aljihu na yi mata bayani, ta yi shiru, ta ɗauke gwangwanin kitsen daga kan kanta ta kai can bayan gida, ta sayo man gyaɗa irin nasu na kwalba. Ba ta sake tayar da maganar ba. Ita tana ce mini “mijo”, wato ɗana, ni ina ce mata “Señora” a baki, a zuci kuwa Inna.

Madafarta ƙarama ce, bangon shuɗi ya sha hayaƙi, an rataye kofunan yumɓu a ƙusa jere da juna, ga kalanda mai hoton Pique, barkonon nan mai gashin baki da malafa da aka yi wa gasar cin kofin duniya ta 1986. A kusurwar tebur turmin yake, wanda suke kira molcajete: baƙin dutsen aman wuta, mai ƙafa uku, jikinsa duk ƙananan ramuka, cikinsa ya lotsa ya yi sulɓi don tsufa. Na kakarta ne. Ko an wanke shi an kife, in ka kai hanci sai ka ji tafarnuwar shekarun da ba ka gani ba. Ɗan dutsen da ake niƙa da shi gajere ne, cikin tafin hannu ɗaya, kuma ranar da na fara jin gurzarsa daga ɗakina, ƙurr, ƙurr, a hankali, sai na ji kamar Innata ce durƙushe a gaban dutsen niƙa bayan La'asar. Na fito ban san na fito ba.

Haka na fara tsayuwa a bakin ƙofa ina kallo, har ta gaji da ni ta miƙo mini wuƙa.

Salsa, wato miyar dangwale irin tasu, iri biyu take yi da jan tumatir. Akwai ta yanka, wadda wuta ba ta taɓa ta: tumatir nunanne amma mai tauri a yanka ƙanana, farar albasa, ɗanyen barkono kore siriri da suke kira serrano, ganyen cilantro, gishiri, a matse lemun tsami a kai, a bar ta ta ɗan zauna ta fitar da ruwa. Ta nuna mini kore da fari da ja, ta nuna tutar ƙasarsu a jikin kalanda, ta yi dariya. Ganyen cilantro ɗin nan da farko warin sabulu yake mini. Ban san ranar da na koma nemansa ba.

Amma ta turmi ita ce ta shiga raina. Za ta ɗora faffaɗan kaskonta na yumɓu a wuta, babu mai babu ruwa, ta jera tumatir ɗungum da barkono da tafarnuwa da ɓawonta, ta riƙa juya su da yatsa ba ta jin zafi, har fatar tumatirin ta yi baƙi-baƙi ta tsage, ruwansa ya riƙa ɗiga yana cuu a kan kaskon, ƙaurin barkono ya cika gidan ya sa mu tari mu biyu. Sannan a zo turmi. Gishiri mai tsakuwa da tafarnuwa su ne farko, a murje su sai sun zama laka. Barkono ya biyo. Tumatir a ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a daka shi, murza ake yi da wuyan hannu, a bar shi da gudaji-gudaji da ɗan baƙin ƙonuwar a ciki. In na ɗaga dutsen zan buga, sai ta dafa hannuna ta ce, “Despacio, mijo,” wato in bi a hankali. A cikin turmin ake kai ta tebur, da ɗuminta, a yagi tortilla, wainar masararsu, mai zafi da aka sayo a layi naɗe cikin ƙyalle mai ado, tana ƙamshin masarar da aka dafa da farar ƙasa, a dangwala. Da ƙwai, da wake, da ɗan yankin fiya. Na yi ƙiba a gidan nan.

Da rana ina gona ina ɗaura wa tozon masara jakar takarda, ina rubuta lambobi a littafi. Wani abokin aiki ɗan ƙasar ya gaya mini cewa tun kafin zuwan Sifaniyawa ake sayar da irin wannan haɗi na tumatir da barkono a kasuwannin Aztek, mutanen ƙasar na dā, wani malamin coci mai suna Sahagún ya rubuta shi a ƙarni na 16, kuma daga ƙasar nan tumatir ya bazu duniya. Na daɗe ina juya maganar. Ashe abin da nake gani jibge a kwanduna a bakin titin Kadawa can gida lokacin rani baƙo ne, ga gidan ubansa.

Azumi ya same ni a can, cikin watan Mayu, ƙarshen zafinsu, hadari yana haɗuwa kan tsaunin Tláloc da yamma. Tsohuwar ta san azumi irin nasu na kafin Ista, amma barin ruwa tun asuba ya ba ta tsoro. Sai muka raba aiki. Ni nake gasawa in murza, ita take ɗanɗana gishiri a bayan hannunta tunda ni ba dama, sannan ta hau soro wurin igiyar shanya da gyalenta a kafaɗa ta tsaya tana kallon yamma. Babu ladan, babu ganga, sai ƙararrawar coci da haushin karnukan maƙwabta. In rana ta faɗi sai in ji muryarta daga sama: “¡Ya, mijo, ya!” Ban taɓa roƙonta ta yi haka ba, kuma ba ta taɓa cin nata abincin ba sai na sha ruwa.

Ranar Salla gari duk ya tafi wajen ƙwallon kofin duniya, kowace taga rediyo na ihu. Na sa farar rigata da hular da aka ɗinka mini a gida, na yi sallata ni kaɗai a ɗaki, na rubuta wasiƙa a shuɗiyar takardar jirgi. Da na fito sai na tarar ta sayo kaza mai rai a kasuwa, ta ɗaure mata ƙafa a gindin bishiyar lemu, ta wasa wuƙa ta ajiye a gefe, don ta riga ta gane sai na yanka da hannuna nake ci. Na fuskanci gabas na yanka. Ta fige, ni kuwa na jawo turmi, ta ce yau in ƙara barkono biyu.