Ruwan Sama Da Hanyarsa, Masai Da Tasa

Yau ina so mu yi magana a kan wani abu wanda mu kan bar wa maza, muna cewa aikin magina ne, alhali kuwa in ya ɓaci a kanmu ya ke ƙarewa. Watau shigar ruwan sama cikin masai da sokawe.

A manyan birane akwai bututu a ƙarƙashin ƙasa mai kwashe ƙazantar gidaje zuwa ma'aikatar da a ke tace ta, kamar wadda ke Wupa a Abuja. Ruwan sama ta hanya biyu ya ke shiga irin wannan bututu. Ta farko a fili ta ke: wani ya haɗa indararon gidansa da bututun, ko kuwa murfin rami ya fashe. Ta biyu ɓarauniyar hanya ce: ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, sai ya riƙa tsattsafowa ta tsaga da mahaɗar bututu. Da bututu ya cika, sai ƙazanta ta yi ambaliya kan titi. A birnin Landan na Ingila, tsofaffin magudanan da aka gina bayan 1858 ruwan sama da ƙazanta tare su ke ɗauka, in an yi ruwa su amayar cikin kogin Thames. Sai da aka haƙa wani ƙaton rami mai tsawon kilomita 25 don tare ambaliyar, aka gama haɗa shi a 2025.

To, mu nan Daura gidajenmu ba a haɗe su ke da irin wannan bututu ba, kowane gida da raminsa. Amma hanyoyin nan biyu duk muna da su a tsakar gida.

Ga wani lissafi da na kan ba 'yan ajina. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, in aka yi ruwan milimita 25, zai zubo da lita 2,500. Jarka 100 ke nan ta mai garuwa, a ruwa ɗaya tak. Ki duba inda indararonki ke zuba, 'yar'uwa. Idan gangaren tsakar gida ya nufi bayan gida, duk jarkokin nan cikin masai za su. A unguwarmu na ga gidan da masai ya rufta da dare cikin malkar Agusta. Allah ya kiyaye ba kowa a kansa. Da gari ya waye aka duba, ashe shekara da shekaru indararo na zuba dab da bakinsa, ƙasar wurin kuwa rairayi ce, ruwa ya zaizaye ta a hankali.

Rushewar ma da sauƙi, gama ana ganinta. Abin tsoro shi ne wanda ido bai gani. Masai in ya cika da ruwa, ƙazantar ta kan bi ƙarƙashin ƙasa ta sami rijiya. A 1854 wani likita, John Snow, ya bi sawun cutar amai da gudawa a wata unguwa ta Landan har bakin rijiya guda, daga baya aka gane ramin ƙazanta ne ke yoyo kusa da ita. Mutum fiye da 600 suka mutu. A ƙasarmu kuwa, a 2021 cutar ta kama fiye da mutum 100,000, ta kashe fiye da 3,000, kuma Jihar Katsina na cikin waɗanda abin ya taɓa ƙwarai. Mu da tarihin garinmu ya fara daga rijiyar Kusugu, ai bai kamata a koya mana darajar rijiya ba.

Ga abin da za ki iya yi tun da bazara, kafin ruwa ya sauka. Ki kafa duro ko randa a ƙarƙashin indararo, ki sami ruwan wanki, abin da ya rage ki yi masa hanya zuwa rariya. Ki share rariya da lambatun ƙofar gida, kada leda ta toshe su ruwa ya komo ciki. Ki sa a ɗaga daɓen masai ya fi tsakar gida tudu, a yi masa murfi. Ki zagaya sokawe ki dubi tsaga, a liƙe ta da siminti. In za a haƙa sabon masai, masana kiwon lafiya sun ce a nisanta shi da rijiya mita 30.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ya kamata mu bari, watau buɗe sokawe cikin lambatu sa'ad da a ke ruwa, wai ruwa ya tafi da shi. Ina ya tafi? Ƙofar maƙwabciyarki ya tafi, inda 'ya'yanta da naki ke wasa ba takalmi. Wanda ya ƙi ji, a gaya wa mai unguwa ko duba-gari.

Na sani kuɗin siminti a hannun maigida ya ke. Ki sami lokacin da ya ci ya huta, ki kai shi ki nuna masa tsagar da idonsa, ki tuna masa buhu guda bai kai kuɗin haƙa sabon masai ba, balle kuɗin asibiti. Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan shafi, sa'an nan ranar da aka yi ruwa ku tsaya ku ga ina ruwan gidanku ke bi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da cuta, amin.