Ƙarar Mota Daban, Ƙarfinta Daban

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, sai ku yi mini uzuri, maganar mota ce. Mu marubuta dama mun saba da mota a bakin alƙalami, domin da wuya ka buɗe littafi irin namu ba ka tarar da Alhaji ko saurayi ɗan gayu ya figi motarsa ƙirar kaza ya ba ta wuta ba, motar tana gurnani, budurwa tana leƙe ta taga. Mu muka koya wa yara cewa gurnani shi ne ƙarfi, mu da 'yan fim, tun ma ba fim ɗin nan na Amurka The Fast and the Furious ba, wanda ya fito a 2001 ya rikita samarin duniya.

To abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wata 'yar na'ura da ake ɗaura wa mota a maimakon gidan filtar iskar da kamfani ya sa mata. Filta ce mai siffar mazurari, ja ko shuɗiya, a bakin wani bututu mai ƙyalli. Masu sayar da ita sun ce tana buɗe wa inji numfashi, ta ƙara gudu, ta rage shan mai. Ɗan yayata da ke zaune a wurina a nan Kamazou shi ya kawo mini ita gida, wai abokinsa ya cire daga motarsa zai sayar masa da rangwame.

"Kawu, wallahi in aka sa wa motar nan, kai da kanka ba za ka gane ta ba."

Motar da yake magana Toyota Camry ce ta 2003, wadda 'yan kasuwa ke kira Big Daddy, 'yar Kwatano. Ita ke kai yara makaranta, ita ke ɗaukar katan-katan na littattafai zuwa tasha, ita ce motar asibiti in dare ya yi. In injinta ya buga ba ni da kuɗin wani, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi. Saboda haka na ce masa ya ajiye ta a kan kabad, sai na yi bincike. Na yi kuwa, na tambayi makanikai, na karanta abin da na samu, ga abin da na fahimta.

Inji dai abu biyu yake ci, fetur da iska, kuma iskar ta fi yawa nesa ba kusa ba. A ma'aunin nauyi, kowane kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone tas. In ka mayar da lissafin zuwa lita, litar fetur guda tana tafiya da iska kusan lita 9,000. Ka dubi tankokin man nan masu cin lita 33,000 da ke bin hanyar Kachia, to fetur lita huɗu kacal in ka ƙona, injinka ya zuƙi iskar da ta fi cikin tanka guda. Duk wannan iskar ta cikin 'yar takardar filta take bi. Don haka tunanin yaron ba na banza ba ne, in ƙofa ta yi ƙunci, a faɗaɗa ta mana.

Sai dai akwai wata ƙofar a bayan filta wadda ta fi ta ƙunci, kuma da gangan aka yi ta haka. Ita ce 'yar marfin nan da ke buɗewa idan ka taka totur. A tafiyar yau da kullum, daga Kamazou zuwa Sabon Tasha ko Barnawa, ƙafarka ba ta kai rabin totur, marfin nan a ɗan buɗe kawai yake, shi ke ƙayyade iskar da inji zai samu. Ko da ka cire filtar gaba ɗaya ka jefar, injin ba zai sha fiye da abin da marfin ya bari ba. Kamar mutum ne ya rushe ƙofar zaure ya mayar da ita ta shigar mota, alhali ƙofar ɗakin tana nan a sakaye. Filta ba ta zama cikas sai an take totur har ƙasa, inji yana juyi da iya ƙarfinsa. Injin motata mai lita 2.4 a takarda ƙarfin doki 157 gare shi, kuma ba ya kaiwa nan sai allura ta hau juyi 5,600 a minti guda. Mu ɗauka ma na'urar ta ƙara doki biyar, wato kashi uku cikin ɗari ke nan, a wani wurin da ni ban taɓa kai allurata ba. A ina zan kai ta? A go-sulon gadar Stadium, ko a tsakiyar 'yan Keke?

Batun rage shan mai kuwa, nan ne na fi jin takaici, domin da shi ake kama talaka. Akwai wani gwaji da cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke Amurka ta wallafa a 2009. Sun toshe filtar motoci da gangan suka auna, kuma cikin motocin har da Camry ta 2003 irin tawa sak. Abin da suka gano shi ne, a motoci masu injekta toshewar filta ba ta ƙara shan mai ta yadda za a kula, sai dai tana sa mota nauyin tashi. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, tana auna iskar da ta shigo sai ta zuba fetur daidai da ita. Tsohuwar mota mai kabureta da suka haɗa da ita, Pontiac ta 1972, ita ce shan manta ya ƙaru da filta ta toshe. To idan filtar da aka toshe ma ba ta ƙara wa mai injekta shan mai ba, ta yaya wadda aka buɗe za ta rage? Maganar gaskiya ce a zamanin Fijo 504, wadda muka tashi muna gani ana fito da ita sabuwa fil daga kamfanin PAN na Kakuri, nan kusa da mu, wanda ya fara haɗa motoci a 1975. Maganar ta tsufa tare da kabureta, amma har yau ana sayar da kaya da ita.

Sai kuma zafi. Wannan wani tsohon makanike ne a Panteka ya nuna mini da hannunsa. Ya buɗe bonet ya ce, "Malam, bi wannan tiyon da ido." Na bi, sai ga shi bakin tiyon na kamfani ya leƙa can gaba, inda iskar waje ke shigowa. Ya ce, "To ita wannan ta yaronka a ina za ta zauna?" A cikin ɗakin inji za ta zauna, kusa da lagireto da bututun hayaƙi. Iska in ta yi zafi tana yin shara-shara, duk ƙarin digiri uku tana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinta. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Kaduna ke tafasa, ka tsaya a go-sulo, iskar ƙarƙashin bonet ta fi ta waje zafi sosai. In ta fi ta da digiri talatin, ka yi asarar kusan kashi goma na nauyin iskar da inji ke zuƙa. Ka ga an ba ka da dama an karɓe da hagu, har da riba. Akwai masu dogon bututu da ke gangarawa ƙasa wajen bamba don su ɗebo iska mai sanyi, waɗannan sun fi hankali, amma wanda ya san yadda ruwa ke kwanciya a titunanmu a watan Agusta ba zai kai hancin injinsa kusa da ƙasa ba. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in fistan ya haɗu da shi a silinda, ƙarfen da ke riƙe da shi ne zai lanƙwashe. Shi ya sa za ka ga manyan motoci da Land Cruiser na daji sun ɗaga bututun iskarsu can sama.

Amma abin da ya yanke mini hukunci shi ne ƙura. Filtar nan ba a yi ta don ƙasarmu ba. Kamfanin K&N da ya yi suna da ita a Kalifoniya yake, kuma daga tseren babura ya faro a shekarun 1960. Auduga ce 'yan linki a tsakanin ragar waya, ana shafa mata mai don ƙura ta manne. Ana wankewa a sake shafa mai a mayar, wannan kam fa'ida ce. To amma dalilin da ya sa iska ke wuce ta da sauƙi shi ne ƙofofinta sun fi na takarda faɗi, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai tsere bai damu ba, shi bayan 'yan wasanni zai kwance injin ya sake ɗaurawa. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso mana ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta zo ta tarar da tamu jar ƙasar ta lungunan Kamazou da ba su ga kwalta ba. Ka wanke mota da asuba, kafin azahar yaro zai iya rubuta sunansa a kan gilashi. Wannan garin ƙurar in ya shige inji ya gauraya da baƙin mai, ya zama kamar sanfefa, yana cin ringi da bangon silinda a hankali. Ba ranar za ka gani ba. Sai bayan shekara ɗaya ko biyu mota ta fara shan baƙin mai tana shuɗin hayaƙi, ka ce ai 'yar Kwatano ce dama ta gaji. Ga kuma man da ake shafa wa filtar, in hannu ya yi nauyi yakan bi iska ya ɓata 'yar sensar da ke auna iska, mota ta riƙa shaƙewa, fitilar gargaɗi ta kama. Wannan duk a kan ta gaske nake magana, balle jabun da ya cika kasuwa, wanda in ka ɗaga shi a rana za ka hango ƙafar mai shago ta ciki.

To me ya sa duk wanda ya sa yake rantsuwa motarsa ta ƙara ƙarfi? Ban ce ƙarya suke yi ba. Na farko, kunne. A jikin tiyon kamfani akwai wasu 'yan akwatunan roba da aikinsu shi ne kashe ƙarar zuƙar iska, in an cire su sai inji ya riƙa gurnani in an taka, zuciya kuwa ta ɗauka gudu ne. Haka 'yan acaɓa ke fasa salansa su ji kamar sun hau jirgi. Na biyu, yawanci tsohuwar filtar da aka cire ta shekara ba a canja ba, ta toshe ƙirin. Ko sabuwar takarda aka sa, za a ji wannan sauƙin. Inda abin ke aiki da gaske shi ne motoci masu turbo da aka sake wa lissafin birenbos da bututun hayaƙi, aka auna su a kan na'ura. Wannan sana'a ce ta masu kuɗin wasa, ba ni da ta cewa a kanta.

Da na zayyana wa ɗan yayata duk wannan, sai ya yi shiru, can ya ce, "Amma Kawu ƙarar fa da daɗi."

Na ce, "Da daɗi mana, ɗana. In ka sayi taka, ka sa mata har ganga."

Ranar Asabar na tafi da shi gareji, aka buɗe gidan filtar a gabansa. Takardar ta koma ja kamar tubali, ga ƙura kwance a gindin akwatin ta kai cikin tafi. Yaron gareji ya ɗauka zai kai wa mai faci ya hure ta da iskar taya kamar yadda aka saba, ogansa ya daka masa tsawa, ya ce iskar nan yaga takardar take yi ta inda ido ba ya gani. Aka sa sabuwa, aka ɗaure maƙallan murfin guda-guda, aka duba tiyon ko ya tsage, domin tsaga ɗaya a bayan filta ta isa ta shigar da ƙurar da filtar ta hana. Shi ya tuƙo mu gida ta titin Yakowa, kuma tun kafin mu kai kwanar unguwa ya ce motar ta yi sauƙin tashi. Jar filtar ya mayar wa abokinsa, wanda na ji an ce ya riga ya samu wani mai Golf da zai saya.